Shekarar da Madubin Kwamfutata Ya Ƙi Buɗewa

Na san abin da ake faɗa a tsakaninku game da shekarar da na je Funtua na tsaya a shagon gyaran kwamfuta tare da Nasiru, mijin Hadiza. Wasunku sun ɗauka zuwa na yi in ci masa mutunci a gaban jama'a. Wasu kuma har yau suna zargin shi da Yayanku na Kaduna ne suka haɗa baki suka lalata mini na'ura don a kwashe ni daga Ƙarfi. Duka biyun ba haka ba ne, kuma tunda a kaina abin ya faru, gara ku ji daga bakina tun ina da bakin faɗa.

Bayan na ajiye aikin malamin gona na dawo gida, ban yi niyyar zaman kashe wando ba. Ina da gonata ta masara a bayan gari, ina da kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya tun ina bakin aiki, kuma manoma ba su daina sallama a zaurena ba. Mutum zai sayo maganin feshi a kasuwa, rubutun jikin kwalbar ƙanana kamar ƙwan kiyashi, ga shi da Turanci, sai ya kawo mini in gaya masa murfi nawa zai zuba a tanki da lokacin da ya kamata ya fesa. Ina jin daɗin wannan aiki fiye da yadda na ji daɗin na ofis, domin a nan ba wanda ke sa ni, kuma idan masarar mutum ta yi kyau har gida yake biyo ni ya faɗa mini. Sai dai ciwon suga da na daɗe ina fama da shi ya gangaro ya taɓa mini ido. Da farko jarida ta gagare ni, daga baya tabarau ma ya zama ado, har ta kai fuskar mutum sai in ga inuwa kawai, sai ya yi magana in gane shi.

Wani tsohon abokin aikina ne ya nuna mini cewa a cikin kwamfutar akwai wata manhaja da ake haɗo ta da ita tun daga kamfani, ba saye ake yi ba, ba sawa ake yi ba. Kana danna maɓallin nan mai hoton taga tare da alamar tarawa, sai duk abin da ke kan allon ya kumbura, harafi ɗaya ya kai girman babban yatsa. Tana kuma juya launi, allon ya koma baƙi rubutu ya koma fari, wanda shi ne kaɗai idona ke iya jurewa, don farin allo kashe mini ido yake yi kamar na kalli rana. A gidan nan madubi muke ce mata. Da ita nake aiki: in ɗauki hoton kwalba da waya, in tura cikin kwamfuta, in buɗe madubi in karanta. Manomi yana zaune a tabarma yana ganin Malam na latse-latse, bai san da ba don wannan abu ba ko sunan maganin ba zan iya gani ba.

Yayanku kuwa ya sani, don shi ya kai ni wurin likitan ido, kuma tun a mota ya fara maganar in koma Kaduna wurinsa. Ya ce ga asibiti kusa, ga ɗaki, ga masu hidima. Ba mugunta ce ta sa shi ba, na sani, amma ni na san abin da zama a gidan ɗa yake yi wa tsoho: a ba ka kujera da rimot, a riƙa tambayarka ko ka sha magani. Muka yi ta ja har ransa ya ɓaci, nawa ma ya ɓaci. A ƙarshe na yanke maganar da kaina.

"Ranar da na kasa karanta abu da kaina, ka zo da mota, ba zan yi maka gardama ba. Amma muddin ina karatu, a Ƙarfi nake."

Ya ce ya ji ya yarda. Ku kun san halinsa, ba ya manta alkawari, musamman wanda aka yi masa.

To, a nan Nasiru ya shigo labarin. Yaro ne mai ladabi, yana harkar hatsi a Funtua, kuma tun da ya auri Hadiza bai taɓa wuce bakin zaurena ba idan ina ciki. Zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya gaishe ni, in amsa a taƙaice, ya tashi ya shiga wurin mahaifiyarku. Haka muka taso muka ga ana yi tsakanin surukai, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba. Amma ku duba da kyau. Mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuskata ba, ta ina zai san idona ya tafi? Ni kuma da ƙamshin turarensa da muryarsa nake gane shi, in kira sunansa kafin ya gama sallama, don haka a wurinsa Baba garau yake. Hadiza ta san ina fama da ido, amma ba ta san zurfin abin ba, kuma ko ta sani ba za ta zauna tana yi wa mijinta bayanin lalurar ubanta ba.

Abin da ta gaya masa kawai shi ne kwamfutar Baba ta yi nauyi, sai a kunna ta a je a yi alwala a dawo ba ta gama tashi ba. Gaskiya ta faɗa. Ran nan na tafi Dayi ta'aziyya, sai ya zo ya ce wa Hajiya, mahaifiyarku, ta ba shi na'urar ya kai a duba mini. Ita kuma ta rasa yadda za ta ce wa suruki a'a, ta naɗe ta a ɗankwali ta miƙa masa. Bayan kwana biyu ya dawo da ita cikin sabuwar jaka, an yi mata abin da masu gyara ke kira fomatin, wato an share komai an zuba sabo. Hotunana da takarduna duk an mayar mini. Tana tashi kamar walƙiya. Na sa Hajiya ta yi masa godiya, ni ma da ya zo gaisuwa na sa masa albarka, da zuciya ɗaya kuwa.

Sai da ya tafi na zauna na danna taga da alamar tarawa. Shiru. Na sake dannawa, na kashe na kunna, na sake dannawa. Allon nan fari fat yana kallona ina kallonsa, ba abin da ya motsa. Ga shi damina ta riga ta zauna, masara ta kai gwiwa, tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta fara ɓulla a gonakin mutane, kuma Yayanku ya ce zai zo da Babbar Sallah.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kafin in gyara madubin sai na karanta abin da ke kan allo, kafin in karanta kuma sai da madubin. Amma ban yi aikin gwamnati shekara da shekaru ina shiga ƙauyukan da babur ma ke tsoro ba don wata ƙaramar manhaja ta kore ni daga gidana. Na ce wa Hajiya ta ajiye tsintsiya ta zo ta ara mini ido. Ku kun san karatunta: ta yi ajin manya, tana karanta Hausa tsaf, Turanci kuwa sai dai ta kira haruffa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ina da kunne da Turancin. Sai muka raba aiki. In yi wa waya magana ta nemo mini masu bayanin gyara a intanet, in saurara, in gaya wa Hajiya abin da za ta nema, ita kuma ta sa fuska kusa da allo tana kiran haruffa ina haɗawa. Kullum bayan karin kumallo, kafin rana ta yi zafi, haka muke zama a rumfar tsakar gida, kaji na yawo a ƙafafunmu.

Mun fara da neman sunan madubin a jerin manhajoji. Yana nan, har da ɗan hotonsa. Ta danna, ta ce wani ɗan zobe ya juya ya juya ya ɓace, shi ke nan. Muka shiga wurin saituna, inda ake kunna shi da hannu. Ta ce ta tura maɓallin ya koma shuɗi, kafin ta ɗauke yatsa ya dawo da kansa. Ta yi dariya ta ce wannan abu halinku ɗaya, ba a juya ku. Ban yi dariya ba a lokacin, sai daga baya. Wani mai bayani ya ce a buɗe baƙin akwatin da ake rubuta umarni, a sa na'urar ta binciki kanta ta gyara abin da ya lalace. Wannan ya ci mu safiya guda, don da na rubuta sai ta karanta mini abin da na rubuta, a tarar na sa harafi a inda ba wurinsa ba, a goge a sake. Da ya karɓa kuma muka zauna jira, tana tsince shinkafa tana leƙawa. Ƙarshe ya fito da dogon Turanci, ta kira mini shi harafi-harafi har muryarta ta dushe. Ma'anarsa dai ya ga akwai abin da ba daidai ba, amma ba zai iya gyarawa ba.

Ana cikin haka Malam Audu, wani manomi da ke zuwa wurina daga hanyar Dayi, ya yi sallama da kwalba a aljihu. Tsutsa ta shiga masa gona. Na karɓi kwalbar na juya ta a hannu, na shiga da ita ciki na ba Hajiya, ita ma ta ce rubutun ya yi mata ƙanƙanta. Zan iya cewa murfi kaza in sallame shi, don na san irin magungunan, amma kowane kamfani da ƙarfin nasa, kuma na ga gonar da aka ƙone da kintace. Na fito na ce masa na'urata ba ta da lafiya, ya koma wurin wanda ya sayar masa ya tambaya. Ya ce ai shi mai shagon bai san komai ba sai karɓar kuɗi, ya tashi ya tafi jiki a sanyaye. Ranar ban iya cin tuwon rana ba.

Washegari na ce sai mun ga ƙarshen abin. Wani mai bayanin ya ce idan duk an gwada ya ƙi, a shiga can cikin rumbun na'urar, inda fayilolinta na asali suke, a duba ko fayil ɗin madubin ma yana nan. Muka shiga. Hajiya ta gangara kan sunayen da suka fara da harafinsa, ta bi su a hankali, ta koma sama ta sake bi. Babu shi. Hoton da muke ta dannawa fanko ne, kamar ƙofar da aka bari a tsaye bayan an rushe ɗakin. A nan na gane ba lalacewa ya yi ba, cire shi aka yi. Na hau mota na kai ta wurin wani mai gyara a Malumfashi, ya ce a yi fomatin. Na tambaye shi da wanne zai yi, ya nuna mini filashinsa, ɗan abin da suke ajiye manhaja a ciki, ya ce fomatin ɗin irin wanda aka rage wa nauyi ne, shi kowa ke sawa a tsofaffin na'urori, daga hannu zuwa hannu suke kwafa. Na ce to ai shi ne ciwon, na ɗauki kayata na dawo.

Hajiya ta ce a gaya wa Hadiza ta gaya wa mijinta cikin dabara. Na ƙi. Ba zan sa 'yata ta je ta ce wa mijinta alherin da ya yi wa ubanta ɓarna ce ba, ta kwana tana tunanin yadda ya ɗauki maganar. In kuma na yi shiru, Sallah za ta zo, Yayanku zai miƙo mini takarda, in kasa. Na ce ta nemo mini lambar Nasiru a waya.

"Malam, kai da bakinka? Surukin naka?"

"Da bakina. Gidana ne za a rufe, ba na wani ba."

Ban taɓa kiran shi ba tun da aka ɗaura auren. Ina jin yadda ya rikice a wayar, har ina tsammanin durƙusawa ya yi a inda yake. Na ce masa ba abin tashin hankali ba ne, ya tarye ni a tashar Funtua da hantsi ya kai ni wurin wanda ya yi gyaran. Ya zo ya karɓi jakar, yana tafe a bayana kamar yadda ladabi ya ce, ni kuma ina tafe a gaba ina bin inuwar mutane ina addu'ar kada in faɗa kwata.

Mai gyaran magidanci ne, Injiniya suke ce masa, shagonsa cike da mutane, masu cajin waya da masu jiran aiki. Aka ba ni benci. Na yi masa bayanin duk abin da muka gwada, da abin da baƙin akwatin ya ce, da fayil ɗin da muka nema muka rasa. Ya kunna na'urar ya duba, sai ya ce ai ya tuna da ita. Ya ce tsofaffin na'urori irin wannan sai an rage musu kaya suke gudu, kuma shi ba ya cire abu sai ya tambayi mai shi. Ya juya wajen Nasiru.

"Alhaji, ai na tambaye ka. Na ce maka akwai kayan makafi a ciki, mai ƙara girma da mai karanta rubutu da murya, a bari ko a cire? Har ka ɓata rai, ka ce mini surukinka malamin gona ne, ba makaho ba ne, in cire."

Ban ga fuskar Nasiru ba, amma na ji numfashinsa. A wannan lokacin na gane komai, kuma wallahi ban taɓa jin ƙaunar yaron nan kamar ranar ba. Mutuncina ya kare. An jingina wa surukinsa kalmar da ya ga ba ta dace ba, ya ture ta. Sai dai kuma na ga inda aka kawo ni. Zan iya cewa jikana ne ke wasa da abin, ko wani maƙwabci ke amfani da shi, a mayar, kowa ya tashi da mutuncinsa. Amma gobe wani mai son nawa zai sake kai ta gyara, a sake tambayarsa, ya sake kare ni. Kalmar da na yi shekaru ina kewaye ta ko a gaban Hajiya, ita ce ke tsakanina da gidana.

"Injiniya, Nasiru bai yi laifi ba, ba a gaya masa ba ne. Ni ne makahon. Mayar mini da kayana."

Na ji wani a bayana ya yi salati a hankali. Nasiru ya ce, "Baba," ya fita waje. Injiniya ya ba ni haƙuri, ya ce cikakkiyar manhajar sai ya sauko da ita, za ta ɗauki lokaci, kuma na'urar za ta koma nauyinta na da. Na ce ta yi nauyin, ni ma ba sauri nake ba. Na zauna a bencin nan har bayan la'asar, ban tashi ba sai don salla. Da ya gama ya ce zai gwada, na ce a'a, miƙo. Na lalubi taga da alamar tarawa na danna. Haruffa suka taso suka cika allon, na juya launin ya koma baƙi, na karanta abin da ke rubuce da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Daɗin da na ji ba zai faɗu ba.

Amma abin bai zo mini kyauta ba. A cikin masu cajin waya akwai ɗan Ƙarfi, kuma labari ya riga ni isa gida. Aka ce Malam ya makance, da bakinsa ya faɗa a Funtua. Wasu manoman suka daina zuwa, suna ganin wanda ba ya gani ba zai duba musu magani ba, kuma wasunsu har yau ba su dawo ba. Masu zuwa gaisuwa suka koma yi mini magana da ƙarfi, kamar kunnen ne ya mutu. Nasiru kuwa kunya ta hana shi taka gidan nan har aka yi girbi, sai dai ya aiko da saƙo, kuma daga nan ne kuka fara cewa na ci masa mutunci. Ban ci ba. Shi ne ya kasa yafe wa kansa abin da ni ban ɗauka laifi ba, sai da na aika aka kira shi.

Yayanku bai jira Sallah ba. Labarin na isa Kaduna ya kamo hanya, ya iso da hantsi, ya ce an share ɗaki an sa katifa. Ya zauna a zaure yana magana a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya, ya ce ai ni na faɗa da bakina. Na ce ƙwarai na faɗa, kuma ban janye ba, amma ya tuna a kan me muka yi alkawari. Na ce ya je mota ya ɗauko duk takardar da ya ga dama. Ya kawo wata takardar magani da ya samu a aljihun mota, mai ƙananan rubutu gaba da baya. Na ɗauki hotonta, na tura, na buɗe madubi. Na karanta masa ita tun daga sunan maganin har gargaɗin masu juna biyu, kalma na cika allo tana wucewa, ban tsallake ko ɗaya ba. Na daɗe ina yi, bai katse ni ba. Da na gama ya ce Allah ya ƙara lafiya. Ya ci abinci, ya yi azahar, ya juya shi kaɗai.

Ina zaune a rumfa bayan tafiyarsa sai na ji ƙarar kwanuka daga ɗakin mahaifiyarku, ana ɗauka ana ajiyewa. Na tambaye ta me take yi. Ta ce tun ranar da madubin ya ƙi buɗewa ta fara ɗaure kayanta kaɗan-kaɗan tana turawa ƙarƙashin gado, don kada tafiya ta zo mata ba shiri. Duk safiyar da muka zauna tana kira mini haruffa tana tsokanata, rabin ɗakinta a ɗaure yake, ni ban gani ba, ita kuma ba ta faɗa ba. Gidan da ta haife ku duka a ciki ne za ta bari ta bi ni. Ina jin ta tana kwance ƙullin kayan tana fito da su.

Na ce mata ta jera su da kyau, don ba inda za su.